Jar wutar mai ta kama a tsohuwar mota: a sauya manokontak, a sauke kwano, a gyara inji ko a sayi na okaziyo?

Wata Alhamis cikin watan Afrilu ina dawowa daga Tasawa, na wuce Agye ban kai Cadawa ba, sai jar wutar nan mai siffar butar mai ta kama a tablo. Ba ƙiftawa take yi ba, tsayawa ta yi cak. Motar Corolla ce ta farkon shekarun 1990, mai inji 4A-FE, ta girmi babban ɗana. Na gangara gefen titi na kashe. Kafin awa guda ta cika na samu shawara uku, duka kyauta. Wani direban Hiace da ya tsaya don Allah ya ce, "Alhaji, manokontak ne, cire wayar ka wuce, tawa shekara biyu ke nan ba ta da ita." Yana nufin ɗan makunnin da ke kunna wutar. Karen motarsa ya ce zafi ne ya tsinka man, in nemi mai kauri a Cadawa in ƙara. Ƙanena kuma da na kira a waya cewa ya yi, "Yaya, injin nan ya gama aikinsa, mu fara cigiyar na okaziyo kawai," wato tsohon inji na hannu.

Babu wanda ya faɗi shirme a cikinsu. Kowace shawara akwai motar da ta dace da ita. Abin da ke rikita mutum shi ne wuta ɗaya ce ke kamawa, ko abin da ya lalace bai kai kuɗin tiyar gero biyar ba, ko ya kai kuɗin sa. Saboda haka kafin a kwatanta gyare-gyaren sai an san abin da wutar ke faɗi.

Wutar nan ba ta auna yawan man da ke cikin inji, ƙarfin tafiyarsa take tsaro. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambunan Jiratawa ya san yadda abin yake. Ka danne bakin tiyo da yatsa, ruwa ya yi tsalle. Ka saki, ya zuba a sanyaye, alhali injin ban-ruwan bai sauya gudu ba. Famfon baƙin mai ma turowa kawai yake yi. Matsin yana samuwa ne saboda man na kutsawa ta ƴar tazarar da ke tsakanin karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a gindin inji) da metal (ɓawon ƙarfen da take juyawa a cikinsa), wadda a inji mai lafiya ba ta wuce 0.02 zuwa 0.05 na milimita, wato ko kaurin gashin kai ba ta kai ba. Hanyoyin da ruwa ke yankewa a lambu su ne dai hanyoyin da mai ke yankewa a inji: ko rijiya ta ƙafe, ko bakin tsotso ya toshe ko ya sha iska, ko famfon ya daina juyawa, ko tiyon ya yi faɗi yana yoyo ta ko'ina. Manokontak kuwa, ɗan makunnin da ke ɗaure a jikin inji, ba ya kunna wutar sai matsin ya faɗi ƙasa sosai, wajen 0.2 zuwa 0.5 na bar, wato ma'aunin matsi, gwargwadon mota. Ke nan idan gaskiya wutar ta faɗa, ba gargaɗin gobe ba ne, ƙarfe ya kusa fara cin ƙarfe yanzu.

Zaɓi na farko da ke gaban direba tun yana bakin hanya shi ne a lallaɓa da ita ko a ja ta. A nan ba ni da dogon kwatance. Inji da ke gudu babu mai, cikin ƴan mintoci yake ƙonewa, abin da mu nan muke cewa ya kule, mutanen Katsina su ce ya yi nokin. Kuɗin jan mota daga Cadawa zuwa Maraɗi yana da zafi a aljihu, amma bai kama ƙafar kuɗin karanshaf ba. Wanda ya ce maka "ai kilomita goma ne kacal" ba shi zai biya ba.

Akwai dai abubuwan da za ka duba a wurin ba tare da ka kashe ko dala ba. Jira minti biyar man ya koma kwano, wato mazauninsa da ke gindin inji, motar na tsaye a daidai, ka zaro joj, wato sandar awon mai, ka goge ka mayar ka sake zarowa. In babu mai, leƙa ƙarƙashi. Idan ba a daɗe da yin bidanj ba, wato juyen mai, zargi biyu ne a gaba: kusar zubar da mai da yaro ya ɗaura da hannu ya manta bai matse ba, ko robar tsohuwar filta da ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta. Roba biyu a haɗe takan riƙe na ɗan lokaci, sannan ta fashe ta zubar da man gaba ɗaya a kan kwalta. In kuwa man ya haura alamar sama, kada ka yi murna, inji ba ya haihuwar mai. Sunsuna shi. Warin esans na nufin karbirato na malala, ko fatar famfon esans irin na jikin inji ta tsage tana zuba a kwano, abin da tsofaffin 504 da Starlet masu karbirato suka saba yi. Man da esans ya tsinka ba ya riƙe matsi. In kuma launinsa ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Daga nan ka shafa gindin kwanon. Wanda ke bin hanyoyin ƙauye da damina ya san yadda dutse ko kututture ke lotsa shi, kuma bakin tsotso ɗan kaɗan ne tsakaninsa da gindin kwanon, lotsawa kaɗan ta isa ta shaƙe shi.

Wayar manokontak ma tana da gwaji mai sauƙi, amma ba irin na direban Hiace ba. A yawancin tsofaffin motoci waya ɗaya ce, kuma wutar na kamawa ne idan wayar ta taɓa jikin mota. Buɗe kontak ba tare da ka tada inji ba, ka zare wayar. In wutar ta ci gaba da ci, wayar ce ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe. In ta mutu, to wayar lafiya take, saura a san ko makunnin ne ya lalace ko gaskiya yake faɗi, kuma wannan ido ba ya rarrabe shi. Ranar tawa man na nan daidai, baƙi dai amma babu wari, kwano bai lotsa ba, waya lafiya. Aka ja ni.

A canza kaya ɗaya bayan ɗaya, ko a auna

Wannan shi ne zaɓin da ya fi kowanne tasiri a kan aljihu, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hanyar da aka saba ita ce a sauya manokontak, in wuta ba ta mutu ba a sauya mai da filta, in ba ta mutu ba a sauya famfo, in har yanzu tana nan a ce sai a sauke inji. Kowane mataki ana tada motar a "gani", kuma kowace tadawa tana ƙara cin metal idan matsin babu shi da gaske. Mutum ya biya kuɗin kaya uku masu lafiya kafin a iso ga mai laifi, an bar jaki ana dukan taiki.

Ɗaya hanyar ita ce manometir na hannu, agogo mai allura da ɗan tiyo. A kwance manokontak, a ɗaura shi a raminsa, a tada inji a karanta. Aikin bai kai rabin awa ba in ban da jiran inji ya yi zafi. Ba kowane garaji ke da shi ba, kuma zaren ramin motocin Japan ya bambanta da na Peugeot da Mercedes, don haka sai da mahaɗin da ya dace, kada a matsa da ƙarfi a fasa ramin. Amma ko garajinku babu, a aro. Bakaniken da na kai wa tawa, dattijo ne da ya yi zamanin 404, da na fara yi masa lissafin shawarwarin da aka ba ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, bari mu tambayi injin da kansa."

Ga abin da ake nema. Littafin Toyota na injin 4A-FE ya ce idan inji ya yi zafi, a ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba, kada matsin ya gaza 0.3, a juyi 3,000 a minti kuma ya kasance tsakanin 2.5 da 5.0 na kilo a kan santimita murabba'i, wanda kusan daidai yake da bar. Ga sauran motoci akwai ƙiyasin da kanikawa ke riƙewa, wajen 0.7 na bar a kowane juyi 1,000. Muhimmin sharaɗi shi ne zafi. Mai sanyi kauri gare shi, ko mataccen inji yakan nuna lamba mai kyau da asuba cikin hunturu. Sai an bari fanka ta tashi ta tsaya, ko an yi ƴar tafiya, lambar ke zama shaida. Amma in allura ba ta motsa ba cikin daƙiƙa biyar zuwa goma da tadawa, a kashe nan take, an riga an samu amsa.

Kuma ba lambar kaɗai ake kallo ba, halin allurar ya fi ta bayani. In matsin daidai yake a sanyi da zafi, injinka ƙalau, manokontak ne. In sifiri ne tun daga tashi, ko an taka totur ba ta ɗagawa, famfon ba ya juyawa, ko bututun tsotso ya saki, ko bawul ɗin rage matsi ya maƙale a buɗe. In ta tashi da kyau sannan bayan ƴan mintoci ta fara zamewa, musamman in an ƙara wuta ta ƙara faɗuwa maimakon ta hau, kuma in an kashe an jira an sake tadawa ta dawo, wannan rariyar tsotso ce ta toshe: datti na mannewa lokacin tsotso, ya saki in an kashe. In tana da kyau a sanyi, ta faɗi a ralanti bayan zafi, amma tana hawa in an taka, to lalacewar tsufa ce, metal ya yi faɗi ko famfon ya cinye. In tana rawa tana karkarwa, iska ce ke shiga, ko don man ya yi ƙasa ko don bututun ya tsage. Irin wannan ne ke sa wuta ta ƙifta a kwana ko lokacin birki.

Abin da nake so mai tsohuwar mota ya riƙe shi ne bambancin "farat ɗaya" da "sannu a hankali". Metal ba ya tsufa rana ɗaya. Yakan yi watanni yana ba da sanarwa: wuta ta riƙa jinkirin mutuwa da safe, ta riƙa ƙiftawa a cunkoson bakin babbar kasuwa da tsakar rana. Motar da jiya lafiya lau, yau wuta ta tsaya, mafi yawan lokaci wani abu ne guda ya toshe, ya maƙale, ya karye ko ya zube. Shi ya sa maganar ƙanena ta sayen inji ta yi gaggawa, maganar karen mota ta mai kauri kuma ba ta shafi ciwon ba.

Sauya manokontak shi ne mafi araha, kuma sau da yawa shi ne daidai, domin ɗan abin yana tsufa, yana yoyo ta bayansa, zafi na cinye fatar cikinsa. Sharaɗina ɗaya ne, a sauya shi bayan an auna. Sabon manokontak na jabu yana iya kashe wutar alhali matsin bai dawo ba, ka tafi da kwanciyar hankalin ƙarya. Cire waya kuwa ba gyara ba ne, rufe ido ne. A nan zan ɗan ratse: duk mai sayen tsohuwar mota ya buɗe kontak ya tabbatar jar wutar mai ta kama kafin a tada inji, sannan ta mutu bayan tashi. In ba ta kama ba tun farko, wani ya riga ka zuwa wurin.

Mai kauri yana da wurinsa, ba na cikin masu zaginsa. Injin da ya sha tafiya, wanda manometir ya nuna matsinsa na raguwa a zafi kawai, in aka tashi daga 15W-40 aka koma 20W-50 yakan ɗaga lambar ralanti, ya saya wa mai mota lokaci, balle a garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Wannan lallashi ne da aka yi da sani. Amma in rariya ce ta toshe, mai kauri ƙara wahala yake yi, tunda ya fi wuyar tsotsuwa ta ƴar kafar da ta rage. Masu zuba man giya lamba 90 a inji, ko ɗanƙon nan mai kama da zuma, gyaran gangar Auzinawa suke yi. Haka masu cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a bayan sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke danne bawul ɗin rage matsi. Bawul ɗin nan ba ya buɗewa sai matsi ya kai ƙololuwa, don haka taurara shi ba ya ƙara komai a ralanti inda ciwon yake, sai dai ya kumbura filta da sanyin safiya.

Sauke kwano

In manometir ya tabbatar matsin ya faɗi da gaske, wannan ne matakin da na fi ganin darajarsa, domin da kuɗin aiki ɗaya da gasket ɗaya ana ganin abu huɗu: rariya, bututu, abin da ya kwanta a gindin kwano, da metal ɗin kansa. A yawancin tsofaffin motoci ba sai an ɗaga inji ba, ko da yake wasu sai an kwance salansa ko ƙarfen da ya gitta.

A tawa, da aka sauke, rariyar ta yi kama da bakin tukunyar da aka liƙe. Baƙin laka ne, a cikinsa kuma ga zare-zaren jan silikon. Wata uku kafin nan wani garaji ya gyara mini yoyon kwano, suka lafta silikon kamar ana yaɓen rumbu, abin da ya matso ta ciki ya ɓalle ya tafi bakin tsotso. Lakar kuwa laifina ce, na sha jinkirta bidanj, kuma na sha ƙara man kwalba na bakin titi wanda ban san asalinsa ba. Ƙurar hunturu da ke bi ta tsohuwar filtar iska ita ma ta ba da gudunmawarta. Aka wanke rariya da kwano da gazuwal, aka busa bututu.

Kada a tsaya a nan a rufe. A kwance hular metal ɗaya ko biyu, musamman na nesa da famfo, a duba. Launin toka mai santsi lafiya ne. Jan ƙarfe ya bayyana, ya cinye. A ja farce a kan wuyan karanshaf, in farce na kamawa akwai zane. A yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta a rana, ƙyalli kamar garin zinariya alama ce ta metal da ya fara narkewa. Ita kanta filta da ta toshe ba kasafai take kashe matsi ba, domin tana da ƙofar gefe da mai ke bi in ta cika, sai dai man da ke bi ta nan bai tace ba.

Famfo shi aka fi ɗora wa laifin da bai yi ba. Cikin mai yake kwana yake tashi, da wuya ya mutu farat ɗaya. Abin da ke mutuwa farat ɗaya shi ne mai juya shi, kuma wannan ya danganta da mota. A 4A-FE karanshaf ne ke juya shi kai tsaye a gaban inji, bayan bel ɗin taimin, don haka kai wa gare shi aiki ne babba. A 504 mai esans sanda ce daga kamshaf, wadda take haɗe da ta distiribita. A 405 sarƙa ce. Kafin a yanke masa hukunci a buɗe shi, a duba zane a murfinsa, a auna tazarar haƙoransa, a zaro bawul ɗin rage matsi a gani ko yana zamewa cikin raminsa. Sau da yawa ɗan tsakuwar ƙarfe ne ya maƙale shi, wankewa ta wadatar. In kuwa dole sai an sauya, tsakanin sabo mai arha marar suna da na asali da aka ciro daga wani inji aka auna aka ga lafiyarsa, ni na asalin zan ɗauka. Kowanne aka ɗaura a cika shi da mai tukuna, busasshen famfo ba ya saurin kama tsotso.

Gyara ko na okaziyo

In metal ya tafi, an iso babban zaɓi, kuma a nan ne hankali ke rabuwa, har tsakanin kanikawa.

Gyara hawa biyu ne. In wuyan karanshaf na da santsi kuma awo ya nuna bai rage ba, ana iya zura sabon metal ta ƙasa, inji na kan mota. Aikin yini ɗaya ne, kuma ga wanda ya kashe mota da wuri sau da yawa ya isa. In ya yi zane ko ya yi shuɗi saboda zafi, sai an sauke inji an kai karanshaf wurin mai tur, wato mai injin fere ƙarfe, ya rage shi, a sa metal mai kauri daidai da ragin, 0.25 ko 0.50 na milimita, abin da ƴan Najeriya ke kira ten da twanti. Amfanin wannan hanya shi ne ka san abin da ke cikin injinka, ka ga kowane ƙarfe da idonka, kuma wayoyi da ƙafafun inji da giya duk suna zama yadda suke. Illarta ita ce ta dogara kacokan ga hannun mutum biyu, mai tur da mai haɗawa. In mai tur ya rage ba daidai ba, ko aka ƙi wanke hanyoyin mai na cikin karanshaf da bulok, garin tsohon metal da ya ɓuya zai cinye sabon cikin mako. In metal ya juya a cikin sandar fistan, bakin sandar ya daina zama da'ira, sai an gyara ta ko an sauya. A motar gazuwal mai sanyaya mai, shi ma sai an wanke ko an canza, don nan garin ke taruwa. Ɗaurin kusoshi kuma da makullin awo ake yi, ba da "na saba" ba. Sannan kasuwar metal cike take da jabu a kwali mai kyau, daga nan har Ƙofar Ruwa a Kano. Ga kuma lokaci: mako guda ko biyu mota na kan duwatsu, kuma da zarar an buɗe inji sai ring ya ce ga ni, bawul ya ce ga ni, lissafi ya ninka.

Injin okaziyo amfaninsa sauri. Kwana biyu mota ta koma layi, kuma ga mai Hiace da ke lodin Dakoro ko Ɗan Isa, ko ɗan taksi da ke kai wa maigida kuɗi kullum, kwana goma a garaji asara ce da ya kamata a sa cikin lissafi. In aka dace, injin da bai taɓa buɗuwa ba tun daga masana'anta ya fi mafi yawan gyaran hannu. Sai dai "in aka dace" ɗin nan shi ne maganar. Cinikin biri a sama ne. Injin 4A-FE ko na 504 da za ka samu yau shi ma ya haura shekara ashirin, kuma tun da iyakar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023 kayan Kwatano suka ƙara wuyar samu. Wani injin da aka wanke aka fesa wa fenti bai taɓa ganin teku ba, daga wata motar garin nan aka ciro shi, wataƙila da irin ciwon da kake gudu.

Wanda ya zaɓi wannan hanya ya tafi da bakanikensa, kada ya aika. A buɗe murfin sama a ga ko laka ta kwanta. A juya karanshaf da hannu a ji. A nemi a sauke kwano a gaban mai kaya, in ya ƙi a wuce shago na gaba. A tabbatar lambar injin iri ɗaya ce, domin 4A-F mai karbirato da 4A-FE mai allura ba wayoyi ɗaya suke ci ba. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, kuma ranar da aka ɗaura shi a sa masa manometir yana da zafi, tun kwanakin ba su ƙare ba. A ƙara kuɗin bel ɗin taimin da robobin gaba da baya da mai da filta a kan farashin, tunda ba wanda ya san yaushe aka sauya su.

Ni a ganina, in bulok lafiya yake, karanshaf bai taɓa zuwa tur ba ko sau ɗaya ya je, injin ba ya hayaƙi kafin abin ya faru, kuma kana da bakaniken da ke da abin awo yana kuma amfani da shi, a gyara. In sanda ta fasa bulok, ko karanshaf ya kai ragin ƙarshe, ko dama injin na shan mai yana zafi yana tura ruwa, to gyara zuba kuɗi ne a rijiya, a nemi na okaziyo. Motar haya ta fi karkata ga okaziyo saboda lokaci, motar gida da za ta iya jira ta fi karkata ga gyara.

Tawa ba ta kai ko ɗaya ba. Dattijon ya kwance hula biyu, ya goge metal da gefen rigarsa, ya ɗaga shi a rana ya ce, "Allah ya so ka, Alhaji, ka kashe da wuri." Aka mayar, aka sa gasket ba tare da laftun silikon ba, aka zuba 20W-50 na galan mai hatimi da sabuwar filta, bayan kilomita 500 aka sake zubarwa don sauran lakar ta fita. Manometir ya nuna 1.0 a ralanti da zafi, 3.5 a juyi 3,000. Manokontak ɗin ma tsohon aka mayar, tunda shi ne ya faɗi gaskiya. Na rubuta lambobin biyu a bayan takardar inshora, kuma duk bidanj na uku ina sa a sake aunawa in rubuta a ƙasansu. Na ƙarshe ya nuna 0.9. Mun yi da shi cewa ranar da ta sauka 0.5 za a yi odar metal a zura ta ƙasa, tun karanshaf bai san da maganar ba.